Lambar da ke Bayan Kujerun Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da abin nan da kike maƙalawa a kunne kina ce wa mutane "mun gode da kiranku" alhali ranki a ɓace yake. Umma tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci. Baba bai ce a gaishe ki ba, domin bai san ina wannan rubutu ba.

Kin ce kada a kuskura a yi miki maganar kamfaninku ta waya, wai wayar tasu ce, komai suna ji. Shi ya sa na koma takarda kamar mutanen da, na ba direban motar kaya da ke zuwa wajenku duk Talata da Juma'a. In kin ga maiƙo a gefen ambulan, ba ni ba ne, shi ne.

Yaya, na'urar Baba ta mutu. Na'urar karɓar kuɗin nan ta kamfaninku, wadda kika yi ta matsa masa sai da ya karɓa shekara uku da suka wuce. Ranar Alhamis wata mata ta zo ɗaukar kujera tamanin da rumfa biyu na bikin ƙanwarta. Ta miƙo kati, na'ura ta yi ƙara sau biyu, ta rubuta wai an dakatar da wannan asusu. Baba ya ce sabis ne. Ya fita tsakiyar titi ya ɗaga ta sama, masu babur suna kauce masa suna zagi. Ya dawo ya cire batir, ya hura, ya goge da hularsa, ya mayar. Shiru. Matar ta ce bari ta tura ta waya, kuɗin ya koma mata. Ta ce to bari ta je ta ciro tsaba ta dawo. Har yanzu muna jiran dawowarta.

Washegari muka je reshenku na bakin kasuwa. Muka yi zaman awa biyu a kan wani benci mai sanyi, sannan wani yaro mai ɗaurin wuya ya danna kwamfuta ya ce, "Baba, wannan daga sama ne." Baba ya ce, "To kira min na saman." Ya ce na sama ba a kiransu, su suke kira. Baba ya dube shi ya ce ashe kamfanin naku lahira ce.

Dariya nake yi ina rubutawa, amma abin ba na dariya ba ne. Yanzu mutum bakwai cikin goma ba sa yawo da tsaba. Ofisoshi da makarantu kuwa ko kallon tsaba ba sa yi. Kwana huɗu ke nan kujeru suna jere a shago har rufi, ni kuma ina ta goge waɗanda na riga na goge.

Ki leƙa mana ki ga me ya faru. Ai ke ce tamu ta sama.

Ƙaninki mai biyayya,
Babban Manajan Sashen Wanke Kujeru


Zuwa ga ƙanena, Sarkin Ɓarna,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso, da maiƙonta. Ka gaida Umma, ka ce mata ina cin abinci.

Na buɗe fayil ɗin Baba, abin da bai kamata in yi ba, domin ƙa'ida ta hana ma'aikaci taɓa fayil ɗin ɗan'uwansa. Kada ka faɗa wa kowa.

Na'ura ba ta lalace ba. Rufe asusun aka yi da gangan. An rubuta cewa yana tara gudummawa ga ƙungiyar nan mai zanga-zangar ƙin sabuwar dokar haraji, waɗanda ake kira 'yan Ba-mu-yarda-ba. Kotu ba ta haramta su ba, amma kamfani ya sa su cikin jerin waɗanda ba ya hulɗa da su, su da duk wanda ya karɓar musu kuɗi. Cikin kwana biyu mutum fiye da ɗari uku sun turo 'yan ƙananan kuɗi asusun Baba, kusan kowa ya rubuta "don gwagwarmaya". An mayar wa kowa nasa, sannan aka rufe.

Sau uku na karanta. Baban namu? Mutumin da ke kashe rediyo da zarar an sa muryar shugabansu?

Na san ba shi ba ne. Kuma tun kana rarrafe, duk abin da ya faru a gidanmu wanda ba Baba ba ne, ba Umma ba ce, na san wanda zan tambaya. Me ka yi?

Ga wata takarda na haɗo. Sanarwa ce ta nesanta kai da ƙungiyar. Sa hannu ɗaya take buƙata, a dawo min da ita in miƙa ta hannun wata abokiyar aikina, cikin kwana uku na'ura ta tashi. Wa'adi kwana talatin ne daga ranar rufewa, bayan nan rufewar ta zama ta har abada. Ka karanta masa a natse, kada ka sa wasa.

Ina jiran amsa, kuma gaskiya nake so.

Yayarka


Zuwa ga Yayata mai haƙuri, mai yafiya, wadda ba ta dukan ƙannenta,

Bayan sallama da gaisuwa, ina so ki fara zama kafin ki karanta. In babu kujera kusa, muna da ɗari huɗu, babu mai haya.

Kin san yadda kujera take ɓata a wurin taro. A kai ɗari, a dawo da casa'in da bakwai, mai biki ya rantse haka aka kawo. Alamar Baba ɗigon koren fenti ce a ƙarƙashin kujera, wadda sai ka kifa ta za ka gani. Wata biyu da suka wuce sai dabara ta zo min. Na ce me zai hana in rubuta lambar asusun Baba ɓaro-ɓaro a bayan kowace kujera da jan fenti? Ɓarawo ba zai so ta ba, mai biya kuma ba sai ya dame mu da "turo min lamba" ba. Kwana tara na yi ina fenti har bayana ya ƙage. Baba ya zagaya ya duba, ya ce, "Yau dai kanka ya yi aiki." Wallahi tun da aka haife ni bai taɓa faɗa min haka ba.

To kin tuna Malam Mai Gilashi, tsohon malamin makarantar nan da ke zuwa bencin Baba kowace safiya su sha shayi su yi ta musu? Shi ne shugaban 'yan Ba-mu-yarda-ba na unguwarmu. Ya ɗauki kujera ɗari biyu na taronsu a filin bayan tasha. Mai ɗaukar bidiyon taron, Allah ya shirye shi, sai ya tsaya a bayan jama'a. Saboda haka abin da duniya ta gani shi ne ƙeyoyin mutane, da lambar Baba sau ɗari biyu, ga Malam can gaba yana ihu, "Ku taimaki wannan tafiya da abin da Allah ya hore muku!" Ke ma in ke ce, wace lamba za ki tura wa?

Akwai saura. Da wayar Baba ta fara ƙara ba tsayawa, ya miƙo min ya ce in duba ko ta haukace. Na ga saƙonnin kuɗi ne suke ta shigowa. Sai na kashe mata murya na ce masa na gyara.

Na faɗa masa komai jiya, kafin in karanta takardarki. Na tsaya kusa da ƙofa saboda ko ta-kwana. Bai ko ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ni na yaba fentin, rabin laifin nawa ne. Karanta."

Malam yana zaune da kofinsa. Na karanta layin farko: ni mai wannan asusu ban yarda da ra'ayin wannan ƙungiya ba, ba na goyon bayanta.

Baba ya ce, "Wannan ai gaskiya ce tsantsa. Shirme suke yi. Kawo biro."

Malam ya ce, "Shirmen ne zai hana a yanke maka haraji a kan kowace ƙafar kujera."

Na karanta na biyu: kuma ba zan sake sayarwa, ko ba da haya, ko yin wata hidima ga ƙungiyar ko wani ɗanta ba.

Baba ya ajiye biro. Ya ce in maimaita. Na maimaita.

Malam ya ce, "Sa hannu, tsoho mai taurin kai. Zan samu kujera a wani wuri. Naka ma ai ƙafafunsu sun gaji, rannan ɗaya ta kusa kayar da ma'ajinmu."

"Ma'ajin naku ne ya fi ƙarfin kujera," in ji Baba. "Kai yi shiru, ba da kai ake ba." Sannan ya juyo gare ni. "Shekara ashirin da shida, abu uku nake tambayar mai ɗaukar kujera: guda nawa, yaushe, a ina. Ban taɓa tambayar me za a faɗa a kanta ba. Yanzu in an yi rasuwa a gidan wannan mahaukacin, sai in tsaya a ƙofa ina duba katin ƙungiya kafin in sauke kaya?"

Malam ya ce, "Au, mutuwa kake min fata?"

"Kai ai duk sai ka binne mu. Bakinka ba zai bari ka mutu ba."

Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihun tebur, inda yake ajiye ƙusoshi. Ga inda muke.

Ƙaninki mai nadama,
Tsohon Mai Fenti, wanda ya yi ritaya


Ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri. Da kana kusa da sai na ja kunnen nan naka har ya kai kafaɗa. Na yi dariyar bidiyon a banɗakin ofis, daga nan kuma dariyar ta juye ta zama wani abu dabam.

Na rubuta bayanin fentin dalla-dalla, abokiyar aikina ta kai wa sashen bincike. Sun amsa da layi biyu: sun fahimci kuskure ne, amma tun da an tabbatar ya yi wa ƙungiyar hidima, sai da takardar. Kada kuma ku yi tunanin buɗe asusu a wani kamfani. Jerin sunayen nan musayarsa suke yi.

Ka fahimtar da Baba wani abu. Ni nake karanta wa mutane wannan takarda ta waya, wata rana mutum goma, wata rana fiye. Akwai mai gidan burodin da ya kai musu burodi, akwai mai buga takardu, akwai wata mai ɗinkin tuta. Kusan duk suna sa hannu su ci gaba da sana'arsu. Babu wanda ke bin su ya ga wa suka sayar wa gobe. Ya sa hannu, in Malam ya zo ya ba shi kujera ya karɓi tsaba, wa zai sani?

Da kujerun nan aka biya min makaranta. Ni na kawo na'urar nan gidanmu, na ce masa ci-gaba ne. Ba zan iya zama a nan da abu a kunne ina kallon shagon yana mutuwa ta hannun wurin da nake aiki ba. Ka lallaɓa shi. Kai ne ka iya sa shi dariya, in ya yi dariya yana saukowa.

Saura kwana goma sha bakwai.

Yayarka mai ƙaunarka duk da halinka


Yaya,

Sallama da gaisuwa. Yau ba ni da dogon wasa.

Na sa shi dariya, kamar yadda kika ce. Na kwaikwayi yaron nan mai ɗaurin wuya har Baba ya ƙware da shayi. Yana cikin goge ido na kawo shawararki. Ya ce, "Wato in rantse a takarda ba zan yi ba, in kuma zagaya ta baya in yi? In Malam ya zo in riƙa leƙen titi kamar mai sayar da kayan sata?" Ya ce ki yi haƙuri, ya san saboda shi kika faɗa.

Makarantar nan da ke ɗaukar kujera ɗari uku kowace shekara ranar yaye ɗalibai ta aiko. Sun ce su ta asusu kawai suke biya, sun koma wajen mai haya na bayan gidan mai. Wasu ofisoshi biyu ma haka. Malam ya zagaya ya tara mana 'yan ƙananan taruka masu biyan tsaba, har da na wasu da ba sa ga-maciji da shi, amma kujera ashirin-ashirin ba ta riƙe shago.

Shekaranjiya Baba ya sayar da babbar rumfar nan mai shuɗi da fari. Shi da kansa ya taya loda ta. Ya tsaya yana nuna wa mai sayen yadda ake ninke ta, da kusurwar da Umma ta yi wa faci, yana cewa kada a ja ta nan. Mota ta tashi yana biye da ita yana ƙara bayani. Da ya dawo ya zauna ya ce yau ana zafi. Babu wani zafi, Yaya.

To ga abin da na yi. Kin san in Baba ya tafi masallaci ni nake sa hannunsa a rasit, shekara da shekaru babu wanda ya taɓa bambancewa, shi kansa wani lokaci sai ya tambaye ni. Na ɗauko takardar daga cikin ƙusoshi, na sa hannunsa. Ga ta nan cikin ambulan. Har ɗan karkacewar nan da yake yi a ƙarshe, kamar biro ya yi tuntuɓe, na yi.

Ni na ɓata. Ban iya komai ba sai irin wannan, to bari in gyara da shi. In na'ura ta tashi zan ce masa na sama ne suka yi mafarki. Amma ban aika reshe ba, ke na aiko wa, domin ba na son in yanke wannan ni kaɗai.

Ƙaninki


Ƙanena,

Gaisuwa. Ga takardarka na dawo da ita.

Kwana huɗu tana cikin jakata. Sau biyu na fito da ita na nufi teburin abokiyar aikina. Hannun ya yi kyau har ya ba ni tsoro, babu wanda zai ce uffan.

Amma na yi ta ganin abin da zai biyo baya. Na'ura za ta yi ƙara ta tashi. Baba zai tambayi wa ya sa hannu. Ko mun yi shiru, zai sa hularsa ya tafi reshe, ya zauna a bencin nan awa biyu, ya ce wa yaron ba hannunsa ba ne, a sake rufewa. Ka san zai yi. Sannan ya dawo gida ya dube mu. Rufe shago zan iya ɗauka, wannan kallon ne ba zan iya ba.

Ka kai masa da hannunka. Kada ka ce kai kaɗai ne. Ka ce kai ka rubuta, ni na riƙe kwana huɗu ina so in miƙa.

Ban yi fushi da kai ba. Rumfar nan ni ma a ƙarƙashinta na koyi lissafi.

Saura kwana shida.

Yayarka


Zuwa ga 'yata,

Ni ne mahaifinki nake magana, wannan ɗan banzan yake rubutawa. (Haka ya ce in rubuta, Yaya, ban rage ba.) Ina gaishe ki, ina sa miki albarka. Uwarki tana gaishe ki.

Na ga takarda. Hannun ya fi nawa kyau. Na ce masa daga yau in ya sake taɓa rasit sai na karya yatsun. (Bai karya ba. Ya dai sa ni wanke kujera ɗari huɗu da aka wanke jiya.) Kun yi niyyar ɓarna don kuna sona, kun fasa don kun san ni. Na yafe, maganar ta wuce.

Shago zai ragu, na sani. Da kujera talatin na fara, a kan kura nake turawa. In na koma ɗari ban faɗi ba. Wannan nawa ne, zan iya.

Abin da ba zan iya ba shi ne wanda ban yi tunaninsa ba sai da na ji kin yi kuka a banɗakin mutane. Sunana yana cikin jerin nan, ke kuma kina cin abinci a gidansu. In taurin kaina zai taɓa aikinki, ki faɗa min gaskiya, kada ki rufe ni. In haka ne, ranar da amsarki ta iso zan sa hannu da hannuna, in je in faɗa wa Malam a gaban idonsa, in kuma cika abin da na sa wa hannu. Na riga na gaya masa. Ya ce in na ƙi yi saboda shi, ba zai ƙara shan shayina ba.

Direba zai dawo Juma'a, wa'adi Asabar ne. Biro yana aljihuna.

Mahaifinki


Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Umma.

Ka ce in faɗi gaskiya. Tun makon jiya manaja ya kira ni, ya ga na buɗe fayil. Ya tambaye ni ko na san mai asusun. Na ce mahaifina ne. An ba ni takardar gargaɗi, an mayar da ni sashen masu ɓatan kati. Aikina yana nan. Sa hannunka ba zai ƙara min komai ba, rashinsa ba zai rage ba.

Wanda ke karanta maka wannan wasiƙa ya karanta layin da ke tafe sau biyu, kada ya ƙara gishiri.

Kada ka sa hannu, Baba.

'Yarka